Tambayi Likita: Me za a sa wa yaro a kwanon makaranta?

Assalamu alaikum. Tun da aka koma makaranta a watan Satumba, yawancin saƙonnin da ke shigowa a kan guzurin yara suke. Na zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa. Akwai guda ɗaya da ta tayar mini da hankali, zan daɗe a kanta, sai ku yi haƙuri da ni.

Likita, yarana uku ne a firamare, maigida kuma haya yake yi da mashin. Ba mu da halin sayen biskit da lemon kwalba kullum kamar sauran iyaye. Me zan riƙa ba su? (Wata uwa daga Yelwa, Garwa)

'Yar'uwa, kada wannan ya dame ki. Biskit fulawa ce da sukari da mai, yaro zai ci ƙarfe goma, kafin sha ɗaya yunwa ta dawo. Abin da ke madafinki ya fi shi. Ki haɗa abin da zai riƙe ciki da abin da zai gina jiki: dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli, ƙosai da kunun gyaɗa, shinkafa da wake, dambu da zogale, ko burodi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Awara ma tana da kyau kuma ba ta da tsada. Ran da aka samu kifi daga tafkin Lagdo, ki cire ƙayar sarai ki sa musu ɗan kaɗan. Sai ki ɗora da ɗan itacen da ake yayinsa, gwaba ko lemu ko mangwaro, ko goruba da magarya, ba lallai sai tufa mai tsada ba.

Idan za ki sayi man girki, wanda aka rufe a kamfani ya fi, domin tun 2011 doka ta wajabta a Kamaru a riƙa ƙara masa bitamin A, fulawa kuma a ƙara mata sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Sannan kada guzurin ya zama shi ne karin kumallo. Ko koko ne su sha kafin su fita, yaron da ya shiga aji da wofin ciki ba ya jin malam.

Kakarsu ta hana a ba su ƙwai, wai yana koya wa yaro sata. (Daga Gidar)

Ki gaishe mini da Iya, ki ce likita ya ce ƙwai ba ya sa sata. Dafaffen ƙwai ɗaya yana cikin mafi kyawun abin da za a sa a kwanon yaro, ga shi ba ya zubewa. A dafa shi ya dahu sosai da safen nan, a bar shi da ɓawonsa.

Ina tashi kasuwa da asuba, saboda haka sauran shinkafar dare nake zuba musu. Ba mu da firij. Akwai matsala? (Daga Domayo, Marwa)

Akwai. Shinkafa ta fi yawancin abinci yaudara, domin akwai wata ƙwayar cuta da dafuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta huce ta kwana a ɗaki, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba a ciki, kuma ɗumame ba ya lalata wannan gubar. Ba za ki ji wari ba, ba za ki ga yauƙi ba, sai dai yaro ya dawo yana amai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba cikin sanyi ba. To ki lissafa, daga isha'i zuwa ƙarfe goma na safe awa nawa ke nan, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu?

Na san wahalar da ke cikin tashin asuba. Ki koma kan abin da zafi bai cika yi wa illa ba: burodi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, ɗan kilishi, dabino, lemu da ayaba da ɓawonsu. Ƙwai da dankali ba sa ɗaukar lokaci, ki ɗora su kafin ki yi alwala. Abin da na fi hana ki shi ne salak mai mayonez da kindirmo da ragowar miyar kifi, waɗannan ba sa jure zafin jakar makaranta. Idan yaro ya dawo da amai ko zawo, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, in bai tsaya ba ko ya galabaita a kai shi asibiti.

Likita, ɗiyata shekararta 6, kullum da kwanonta take dawowa ba ta taɓa ba, ga ta siririya. Wata maƙwabciya ta sayo mini maganin cin abinci na ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi a wurin masu tallar magani. Wata biyu ke nan tana sha, alhamdu lillahi yanzu tana ci sosai, kumatunta sun fito. Sai dai malaminta ya ce barci take a aji. In ci gaba? (Wata uwa daga Ngaundere)

Hajiya, ki karanta amsar nan har ƙarshe kafin ki yi komai, domin akwai abin da idan kika yi da gaggawa zai fi cutar da ita.

Ban ga maganin ba, amma irin wanda ake sayarwa a kan teburi da sunan maganin ƙiba, wanda wasu ke kira sha-ka-fashe, galibi abu biyu ne. Na ruwan yakan ƙunshi cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, buɗe ciki illa ce daga cikin illolinsa, ɗaya illar kuma ita ce barcin da malam ya gani. Ƙananan ƙwayoyin su ne abin tsorona, don sau da yawa dexamethasone ne ko ɗan'uwansa prednisolone. Magunguna ne masu ƙarfi da muke ceton rai da su a asibiti, a tashin asma mai tsanani misali, amma da awo, kuma yawanci na 'yan kwanaki. Ba a yi su don a ƙawata kumatun yaro ba.

Abin da kike gani a fuskarta ba lafiya ba ce. Maganin yana tara ruwa da gishiri a jiki, yana kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da ƙeya, a lokaci guda kuma yana cinye naman hannu da ƙafa. Ki duba cinyoyinta da damatsanta, ki gwada da yadda suke da. Idan aka daɗe ana sha, yana tsayar da tsawon yaro, ya raunana ƙashi, ya ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana iya taɓa ido. Ya kuma karya garkuwar jiki, har ƙyanda ko ƙarambau ko tarin fuka su yi wa yaro mugun kamu. Wani abin takaicin shi ne yana danne zazzaɓi, sai cuta ta yi nisa a ciki iyaye ba su sani ba.

Ga inda nake so ki natsu. Kada ki yanke mata ƙwayoyin nan yau lokaci ɗaya. Jikin mutum yana da wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari da kansu. Idan aka yi makonni ana ba jiki daga waje, sai su daina aiki. Ranar da aka yanke kwatsam, jiki ba shi da na waje ba shi da nasa, yaro na iya yin amai, jiki ya saki, jini ya faɗi ƙasa, ya suma, har a rasa shi. Wata biyu ya isa a ji wannan tsoron. Ki ɗauke ta gobe da safe ku je asibiti, ki tafi da kwalbar da ragowar ƙwayoyin da takardarsu, ki faɗi gaskiyar yawan da take sha da ranar da ta fara. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa a hankali. Ba wanda zai kama ki, ɓoyewar ce ke kashewa. Idan kuwa kin riga kin daina ba ta, kika ga amai ko kasala mai yawa ko jiri, kada ki jira gobe, ku tafi yanzu ko da tsakar dare ne.

Raina yana ɓaci da wannan sana'a. Mutumin da ba ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali ya baza magani a rana yana rubuta wa 'ya'yan mutane awo. Mu ma muna da laifi, mun ɗauka yaro mai kumatu shi ne aka iya renonsa, har uwa ta riƙa jin kunyar fita biki da siririn ɗa.

Sai mu koma kan tambayar da ya kamata a yi tun farko: me ya hana ta ci? Wani lokacin ba cuta ba ce. Hutun gajere ne, wasa ya fi mata daɗi. Ko an cika mata kwano da abin da ya yi sanyi ya daskare. Ko ta sha alawa da ruwan zaƙi a bakin ƙofa. Ko manya na ƙwace mata, ko ana yi mata dariya kan abin da ta kawo. Ki tambaye ta cikin lalama, ki tambayi malaminta. Ki rage yawan abincin, ki bar ta ta zaɓa tsakanin abu biyu. Wani lokacin kuma akwai dalili a jiki: tsutsar ciki, ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da bai fita ba, ruɓaɓɓen haƙori, ko tsargiya ga yaran da ke wanka a kogi da tafki. Duk waɗannan ana gano su da gwaji mai sauƙi, kuma suna da magani. A auna nauyinta da tsayinta a gwada da shekarunta. Yarinyar da ke wasa, tana ƙara tsawo, ba ta yawan ciwo, siririya ce kawai, ba ta buƙatar komai. Amma wadda ke ramewa, ko tana tari fiye da mako 2, ko ƙafafunta biyu sun kumbura, ko tafin hannunta ya yi fari fat, wannan ta asibiti ce ba ta mai teburi ba.

Maƙwabciyar taki ma ki gaya mata, wataƙila nata yaran suna sha.

Shayi da burodi suke karyawa da shi, in zuba musu sauran a gora. Ya isa? (Wani uba daga Kusiri)

Malam, bai isa ba. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, yaranmu kuwa da ma jininsu ba ya da yawa. A musanya da kunu ko madara, a sa ƙwai ko wake a burodin. Gorar kuma a cika ta da ruwa.

Ɗana shekararsa 3, yana ajin renon yara. Zan iya sa masa soyayyar gyaɗa?

A'a, har sai ya kai shekara 5. Ƙwayar gyaɗa tana iya sarƙe shi ta faɗa hanyar numfashi, balle yana ci yana gudu. A markaɗa ko a yi kunu. Kuma ga kowa: gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, gubarta hanta take lalatawa, suya ba ta kawar da ita. Yaron da ya sarƙe yana ci, daga baya tari ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware.

Ni sefa 100 nake ba kowannensu su saya a bakin makaranta. Laifi ne? (Daga Mora)

Ba laifi ba ne, amma ka san me suke saya? Ka je wata rana ka tsaya ka gani. Ƙosai ko awara da aka tsamo daga mai a gabansu ba matsala. Matsalar tana wurin ƙanƙarar leda mai kala da zoɓon da ba ka san ruwan da aka haɗa shi da shi ba, da yankakken kankana da ƙuda ke bi. Mutanen Arewa Mai Nisa ba su manta annobar kwalara ta 2010 ba, kuma ta sha dawowa bayan nan. Ko ba cuta, zaƙin ya yi yawa: kwalbar lemo ɗaya ta haura ƙaramin cokali 6 na sukari, wanda ya kai ko ya wuce abin da ya dace yaro ya sha a yini guda. Ka ba su gorar ruwa daga gida, a wanke ta da sabulu kullum, a koya musu wanke hannu kafin ci.

Idan zawo ya zo, a haɗa garin ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na asibiti, a ruwa mai tsabta lita 1. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A nemi ƙwayar zinc a asibiti, ana sha kwana 10 zuwa 14. Kada a hana yaro ruwa wai don zawon ya tsaya, kada kuma a buɗe kafso a zuba masa. Zawo kamar ruwan shinkafa, ko mai jini, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, a ruga asibiti ana ba shi ruwan a hanya.

An ce lemon malt da tumatirin gwangwani da madara yana ƙara jini, shi nake ɗura wa ɗana a gora.

Ba ya ƙarawa, sukari kike ba shi da tsada. Hanta, nama, kifi, wake da ganye su ne masu ƙara jini, a haɗa da lemu ko gwaba ko garin kuka don jiki ya fi tsotsa. In kina zargin jininsa ya yi ƙasa, a auna a asibiti a nemo dalili.

Ɗiyata mai sikila ce. Akwai abin da zan ƙara mata? (Daga Injamena)

Ruwa, Hajiya, gora babba, kuma ki roƙi malaminta ya bar ta ta sha a cikin aji ta kuma fita fitsari duk lokacin da ta nema, domin ƙishirwa tana tayar da ciwon. Abincinta irin na sauran ne. Kada ki ba ta maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe sai likitanta ya rubuta. Ki bar lambar wayarki a makaranta, ki gaya musu zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ko fari fat ba abin jira a tashi ba ne, su kira ki a wuce da ita asibiti.