Yadda nake sa yara su tsara insha'i a kan hadari

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce in kika ba 'yan aji biyar insha'i a kan hadari, layi uku suke kawo miki: an yi hadari, an yi ruwa, mun shiga ɗaki. Kina neman yadda za su riƙa tsara rubutun, su kuma sa masa adon harshe. Ni ma na sha wannan fama, sai dai laifin farko nawa ne.

Da ma'anar ire-iren adon harshe na fara. Na cika allo da kamantawa, siffantawa, mutuntarwa da kambamawa, kowanne da misalinsa. Suka haddace tsaf. Ranar da na karɓi littattafai, kusan kowa ya rubuta "ruwa kamar da bakin ƙwarya" da "hadari baƙi kamar gawayi". Misalaina suka maido mini, ko waƙafi ba su canza ba. Tun daga nan na daina ambaton waɗannan sunaye sai an gama rubutu.

Yanzu damina nake jira. Hadarinmu shi ke ba da tsarin da kansa, domin yana da matakai da kowane yaro ya sani. Gari ya ɗauki zafi, iska ta tsaya cak, sai gabas ta yi duhu. Iska mai ƙura ta taso, uwaye na kiran a kwashe shanya. Ga cida, ga walƙiya, sannan ruwa ya kece, ya koma yayyafi, kwaɗi su karɓe gari. Washegarin irin wannan ruwa sai in sa kowa ya raba takardarsa gida uku: kafin ruwa, lokacin ruwa, bayan ya ɗauke. A kowane gida ya rubuta abin da idonsa ya gani, kunnensa ya ji, hancinsa ya shaƙa, da abin da ya taɓa jikinsa. Kalmomi kawai, ban yarda da jimla ba tukuna. Sharaɗi ɗaya: ya faɗi inda yake tsaye, zaure ne, ɗakin kaka ne, ko hanyar Islamiyya. Wanda bai zaɓi wuri ba, labarin kowa zai ba ki.

Daga nan sai tambayar da ta fi komai amfani: "Kamar me?" Amsar farko ba na karɓa, domin yawanci ta aro ce. Sai in ce, "To, a gidanku kamar me?" A nan ake samun abin kirki. Wata yarinya ta ce ruwa a kan kwanon ɗakinsu kamar ana watsa tsakuwa a faranti. Wani kuma ya ce cida kamar ana mirgina durom babu komai a ciki. Ban taɓa koya musu waɗannan ba.

Mutuntarwa kuwa, wato ba abin da ba mutum ba halin mutum, tana bakinsu tun daga gida. Mukan ce hadari ya haɗe rai, iska ta fizge zani daga igiya, bakan gizo ya shanye hadari. Sai ki nuna musu cewa abin da kakarsu ke faɗa kullum shi ne ke da suna a littafi. Haka amsa-kama: baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, gari ya yi tsit. Kalma ɗaya irin wannan ta fi "sosai" guda goma, kuma na lura su ne yara ke mantawa da zarar sun riƙe biro.

In hadarin ya same mu a aji, mukan ƙirga daƙiƙoƙi tsakanin walƙiya da tsawa, don mu gane nisanta. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, wato duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. Matsorata sukan shagala da ƙidaya, kuma sun sami abin rubutawa. Daga cikin aji fa, ba gindin bishiya ba.

Wajen rubutu nakan ce adon harshe kada ya wuce uku a shafi, su zaɓi waɗanda suka fi so, sauran su bari. In an sake su, kowace jimla sai ta ɗauko "kamar", rubutun ya zama miyar da gishiri ya yi wa yawa.

Ki kuma kula da markar watan Agusta. Akwai yaran da katangar gidansu ta faɗi, ko suka kwana tsaye ɗaki na yoyo. Kada ki matsa sai sun ce ruwa abin daɗi ne. Wani yaro da ba ya magana a aji ya taɓa rubuta mini cewa ruwa ya shigo ɗakinsu ba sallama, ya kwana a tabarmarsa, shi kuma ya kwana a zaune. Na ba shi makinsa cikakke, na manta ban gyara masa ƙa'idojin rubutu ba.