Tambaya da Amsa: Hotuna nawa zan saka a fotfoliyo, kuma ya zan wanke su?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar KNUST shekarar ƙarshe, ɓangaren hoto nafi ƙarfi, kuma an ce kowa ya kawo fotfoliyo, wato zaɓaɓɓun hotunan aikinsa, a takarda ba a waya ba kafin mu gama. Matsalata ina da hotuna sun fi 2,000 a laftof, akwai na biki da suna da nake ɗauka ina samun kuɗin trotro, wato motar haya, akwai na sitidiyo da mukayi a aji, sai kuma waɗanda na ɗauka a unguwarmu na mata masu koko da ƙosai da asuba, waɗannan nafi so amma ina jin kunyar sakawa kar ace hoton zango ne kawai. Na gwada wanke guda 3 sun fito da duhu sosai har fuska bata fita. Dan Allah nawa zan saka, kuma me yasa suke duhu?

Daga ƙanwarki a Aboabo, Kumasi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Bari in fara da maganar kunyar nan don ita tafi tsaya min a rai. Hotunan masu kokon nan su ne fotfoliyonki. Na sitidiyo duk ƴan ajinku suna da irinsu, fitila ɗaya bango ɗaya malami ɗaya, amma waye a cikinsu zai iya tsayawa gaban tukunya ƙarfe 5 na asuba a Aboabo matar ta cigaba da zuba kokonta bata ko gyara mayafi ba saboda ta san uwarki? Wannan ba'a koyar dashi a aji. Mai ɗaukar hoto James Barnor da aka haifa a Ankara babban birnin Gana a 1929, mutanen garinsu yake ɗauka a sitidiyonsa Ever Young a Jamestown, kuma yau hotunan nan ne ake ratayewa a manyan gidajen baje koli na Ingila da Faransa. Mai ɗaukar hoto Felicia Abban ma a Jamestown ɗin shagonta yake a da, hotunan da ta ɗauki kanta cikin kwalliya su aka kai baje kolin Banis ta Italiya a 2019 da sunan Gana. Abu ɗaya dai, ki koma wajen matan nan ki nuna musu ki nemi izini kafin ki kai fuskarsu gaban baƙi, wadda tace a'a ki cire nata ko da shi yafi kyau, wadda ta yarda kuma ki wanke mata hoton nata guda ɗaya ki kai mata.

Yawan hotuna kuwa, in malamanku basu yanka muku adadi ba ni ina ganin 15 zuwa 20 sun isa, kuma gara 12 masu ƙarfi da 30 da aka cike da ciko, domin mai dubawa raunanan yake riƙewa a kai. Yadda nake yi shine, in tace a kwamfuta har su dawo kaman 60, sai in wanke su ƙanana na araha irin girman katin gayyata, in shimfiɗa tabarma in baza su ƙasa in tsaya a kansu. A sikirin ɗaya bayan ɗaya kike gani shi yasa baki gane cewa guda 4 magana ɗaya suke yi, amma a tabarma nan take zaki ga masu kama da juna, ki ɗauki ɗaya ki ajiye sauran. Ki barsu kwana 2 ko 3 kina wucewa kina kallo, ki kira mutum ɗaya da baya jin nauyinki ya cire guda 5, zaki ji zafi amma ki barshi. Wanda kika sha wahala kafin ki ɗauka ba lallai shine mai kyau ba, wahalar ke kaɗai kika san da ita, bata fitowa a takarda.

Jeri ma aiki ne. Mafi ƙarfi a farko, mai bi masa a ƙarshe, tsakiya kuma ki bi labarin, daga hura wuta cikin duhu har gari ya waye yara ƴan makaranta su yi layi. Na biki in kina so ki nuna kina iya aikin kuɗi ki saka 3 ko 4 a baya da shafinsu daban, kar ki cakuɗa.

To maganar duhu. Sikirin fitila ce a bayansa, takarda kuwa bata da hasken kanta sai wanda ɗaki ya bata, kuma yawancinmu muna editin da hasken laftof a ƙure, to kinga hoton da kike gani tas a zahiri mai duhu ne. Ki rage hasken sikirin zuwa wajen rabi kafin ki buɗe manhajar editin irin Lightroom ko Photoshop, ki ɗan ƙara haske a wuraren inuwa na hoton, musamman tunda fatarmu baƙa ce kuma da asuba kika ɗauka, in baki kula ba kunci da wuya da mayafi duk sai su haɗe su zama baƙi ɗaya. Ni ma an taɓa wanke min saiti guda haka a wani shago, ban yi gwaji ba, sai da na biya sau biyu. Don haka ki zaɓi hoto mafi duhu da mafi haske da mai fuska kusa, a wanke miki su kaɗai tukuna, ki fita dasu waje ki duba a hasken rana cikin inuwa ba ƙarƙashin fitilar shago ba, in sunyi sai a cigaba a wannan injin da wannan takardar.

Kuma ki tambayi mai shagon wane irin inji ne. Wajen wanke hoto yawanci tsarin kala na sikirin da ake kira sRGB suke so, masu buga fosta da katin biki irin na Asafo kuma da CMYK, wato tsarin tawada kala huɗu, suke aiki, a nan shuɗi da kore masu kaifi kan mutu kaɗan. Girma kuma 300 ppi ake nema, ɗigon hoto (fiksel) 300 kenan a kowane inci, wato A4 na son fiksel 2480 da 3508, A3 kuma 3508 da 4961, kyamara mai megafiksel 24 ta wadatar da duka biyun in baki yanke hoton da yawa ba. Kar ki tura ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi, ki kai a filas na USB da kanki ki zauna kusa da mai aikin.

Takarda mai ƙyalli tana fito da kala da baƙi sosai amma tana kama zanen yatsa tana kuma walƙiya a ido, marar ƙyalli tana da kamala sai dai tana shanye baƙi, don hotunan asubarki ni ta tsakiya zan zaɓa wadda suke kira lasta. Girma ɗaya, takarda ɗaya, farin gefe ɗaya tun daga farko har ƙarshe. A4 ya isa in kuɗi sun yi kaɗan. Na fi son akwati ko fayil da ake zare hoto a canza akan littafin da aka ɗinke, don bayan kin gama zaki so ki sauya wasu in zaki neman aiki a Ankara.

Ki kula da danshin Kumasi lokacin damina, hoto mai ƙyalli na mannewa da leda, ki barsu su sha iska kwana ɗaya kafin ki saka, ki jefa ƴan ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi cikin akwatin. Shafin farko sunanki da lambarki da layi 4 ko 5 kan aikin, ƙarƙashin kowane hoto wuri da shekara kawai. Kuma ki gama wanki sati 2 kafin ranar, don satin ƙarshe duk ƴan ajinku shago ɗaya zasu cika ga ɗauke wuta. In an duba ki rubuto min in ji me suka ce kan masu kokon.