Tsohon Ofishin Mahaifinmu, Za Mu Iya Mayar Da Shi Gidan Haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun gaji bene mai hawa biyu a titin Murtala Mohammed, da can ofisoshi ne, shekara uku ke nan babu kowa. Muna so mu mayar da shi gidajen haya. Ta ina za mu fara?
Wata mai karatu daga Fagge.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, ku duba takardar filin. In na kasuwanci ne, sai an nemi izinin sauya amfaninsa a ma'aikatar ƙasa ta jiha, KNUPDA (hukumar tsara birane ta jihar Kano) kuma ta amince da sabon zane.

Ni ruwa ne ya fi damuna. Ofis banɗaki ɗaya ko biyu ke isar kowane hawa, amma gida kowane sashe da banɗakinsa da kicin. Sai sababbin bututu, babban sokawe, burtsatse da tanki. Tankin lita 2,000 in ya cika tan 2 ne a kan rufi. Don haka injiniya mai rajista da COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi ta Najeriya) ya duba ginshiƙai kafin a fasa bango.

Kowane sashe a sa masa mitar KEDCO (kamfanin rarraba wutar lantarki) tasa. Tagogin ofis kuma manya ne suna kallon titi, mai iyali ba zai kama ba sai an suturta su.