Likita, maƙogwaron ɗana ya yi fari, a kira wanzami ya cire masa belu?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Daga Ungogo a jihar Kano nake rubuto maka, hankalina a tashe. Ɗana mai shekara shida yau kwana biyu yana kukan maƙogwaro, tuwo ba ya haɗiyuwa sai koko. Jikinsa da ɗumi amma ba zafi rau ba. Jiya na haska bakinsa da fitilar waya na ga wani abu fari-fari ya shimfiɗu can ciki, yau kuma wuyan ya fara kumbura. Makon da ya wuce yarinyar maƙwabtanmu ta rasu, aka ce mashaƙo ne, kuma makarantar allonsu ɗaya. Surukata ta ce belu ne ya sauko, gobe da safe a kira wanzami. Maigidana kuma ya ce ba zai zama mashaƙo ba, tunda masu rigakafi ba su taɓa shigowa gidanmu sun tsallake shi ba. Yana da ƙanne biyu, ɗaki ɗaya suke kwana. Don Allah me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ji ƙan yarinyar maƙwabta. Tun lokacin da saƙonki ya shigo na aika miki da gajeriyar amsa, yanzu ina maimaita ta a nan saboda sauran iyaye: ki kai yaron nan asibiti yau, kada ki jira gobe, kuma kada wanzami ya taɓa bakinsa. Farar fata a maƙogwaro, kumburin wuya, zazzaɓi mai sauƙi, ga kuma cuɗanya da yarinyar da ta rasu, duk likitan da ya ji waɗannan huɗun a haɗe zai ɗauke shi mashaƙo ne har sai bincike ya nuna akasin haka. Ki nufi babban asibiti, irin Asibitin Murtala ko Asibitin Zana, inda aka kula da masu wannan cuta da yawa lokacin da ta yi tsanani. Da isarki ki faɗa wa ma'aikacin farko da kika gani maganar yarinyar nan, don kada a bar ki a layi cikin sauran yara. Idan kin rasa inda za ki dosa, layin hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa (NCDC) kyauta ne, 6232.

Saurin da nake sa ki yana da dalili. Abin da ke kisa a mashaƙo guba ce da ƙwayar cutar ke fitarwa daga maƙogwaro ta bi jini. Maganin kashe gubar, wanda ake haɗawa daga jinin doki a ɗaura wa mara lafiya ta jijiya, gubar da ke yawo a jini kaɗai yake iya kamawa. Wadda ta riga ta shige tsokar zuciya ko jijiyoyi ta wuce hannunsa. Shi ya sa yaron da ya samu maganin a kwana na biyu da wanda ya samu a kwana na shida ba matsayinsu ɗaya ba, ko da a gado ɗaya aka kwantar da su. Ba ma jiran sakamakon gwaji kafin mu ba da shi.

Yanzu maganar belu, wadda ita ce ta fi ci mini rai.

Ki gaida mini Hajiya, ki ce mata na san ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗi haka. Da wannan ta tashi, an cire mata, an cire wa 'ya'yanta, ga su nan a raye. Amma belu ba cuta ba ne. Tsoka ce da Allah ya halitta wa kowane ɗan Adam a can ƙarshen saman baki, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, tana kuma jiƙa maƙogwaro. Ba ya "saukowa", ba ya fashewa cikin dare ya kashe yaro kamar yadda ake tsoratar da masu jego. Idan kin gan shi ya yi ja ya kumbura, to wata cuta ce ta kama maƙogwaron gaba ɗaya, shi ma ya samu rabonsa. Yanke shi barin jaki ne a koma dukan taiki.

Kullum sai an ce mini, "Likita, ai mun gani da idonmu, an cire wa wane ya warke." Na yarda kun gani. Mafi yawan ciwon maƙogwaron yara irin na mura ne, wanda ke tafiya da kansa cikin mako guda ko an yi magani ko ba a yi ba. Wanzami ya yanka ranar Talata, yaro ya warke ranar Asabar, sai yabo ya tafi ga aska. Da ba a yanka ba ma ranar Asabar ɗin zai warke, ba tare da ya zubar da jini ya kwana uku ba ya iya cin abinci ba. Waɗanda kuma abin bai yi musu kyau ba, ba wanda ke lissafa su, domin ba a gidan wanzami suke ƙarewa ba. Wurinmu ake kawo su, jariri ɗan kwana bakwai jini na bin bakinsa har ya yi fari fat, ko kuma bayan mako guda haƙoransa sun sarƙe jiki ya sandare saboda ƙarfen da aka sa masa ba shi da tsabta.

Wannan kenan a yaron da ba shi da mashaƙo. A mai mashaƙo kuwa abin ya fi haka muni ƙwarai. Farar fatar da kika gani ba majina ba ce da za a share. Matacciyar tsoka ce haɗe da ƙwayoyin cuta, ta manne da naman da ke ƙarƙashinta, da an taɓa ta sai jini. Mu kanmu a asibiti ba ma ɓamɓare ta. Ki duba yadda ake yin aikin: a danne yaro, a buɗe bakinsa da ƙarfi, a danna harshe, yana kuka yana shure-shure, alhali hanyar numfashinsa ta riga ta ƙuntata. Idan ɓallin fatar nan ya ɓalle ya faɗa hanyar iska, cikin 'yan mintuna ake rasa yaro, a hannun wanda ya riƙe shi. Idan bai ɓalle ba, an buɗe sabon rauni a daidai inda guba take taruwa. Mashaƙo mai tsanani kuma yana hana jini daskarewa da wuri, don haka yankan da a wani yaro zai tsaya da kansa, a wannan sai ya ƙi tsayawa. Sannan wanzamin ya mayar da ƙarfensa cikin zabira, ya wuce gidan suna a unguwar gaba ya sa shi a bakin jinjiri. Shi kansa ya shaƙi numfashin yaron daga tazarar tafin hannu, ya kai wa iyalinsa.

Abin da ya fi duka ciwo shi ne kwanakin da ake ɓatawa. An yanka, sai a ce a ba shi kwana biyu ko uku ya huce, rashin cin abincin ai na yankan ne, kumburin wuyan ai hangum ne. Ranar da numfashi ya fara ƙara kamar ana zare zarto sannan a nemi adaidaita. Na tsaya a kan yara irin waɗannan, ga maganin a hannuna, amma lokacinsa ya wuce. Ban taɓa sabawa da wannan ba.

Ba na raina wanzamai. Sana'a ce ta gado mai daraja a ƙasar Hausa, kuma na zauna da dattawa a cikinsu waɗanda da zarar sun leƙa baki sun ga fari sai su ce wannan ba nasu ba ne, a tafi asibiti. Waɗannan sun ceci rayuka. Wanda nake jin haushinsa shi ne wanda ya ga wuyan yaro ya kumbura kamar na bijimi, ya san cutar tana gari, amma saboda 'yan kuɗin da za a ba shi ya zaro ƙarfe. Ga mai cewa al'ada ce ta iyaye da kakanni, akwai hadisi ingantacce a Bukhari inda Manzon Allah (SAW) ya hana a azabtar da yara da danna musu maƙogwaro saboda ciwon wuya, ya nuna a yi musu magani. Ku tambayi malamanku, sun san shi.

Mai kemis ma yana da nasa kason. Zai ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana uku, zazzaɓi ya sauka, farin ya fara janyewa, kowa ya yi hamdala. Maganin ya rage ƙwayar cutar, amma bai taɓa gubar da ta riga ta fita ba. Bayan mako ɗaya ko biyu yaro yana wasa a tsakar gida sai ya yanke jiki ya faɗi, domin gubar ta ci zuciyarsa. Wani kuma bayan makonni sai ka ji muryarsa ta koma ta hanci, in ya sha ruwa ya fito ta hanci, ƙafafu su saki. A nan ake fara zargin jifa da mayu, a ɓata zumunci da maƙwabta a kan abin da ƙwayar cuta ta yi. Saboda haka ko an sallame ku, ki hana shi guje-guje na wasu makonni, ki cika maganin kwana 14 ɗin da za a rubuta, ki koma duk ranar da aka ce ki koma.

Sai maganar maigida. Abin da masu zagayawa gida-gida suke ɗiga wa yara a baki na shan inna ne, shi kaɗai. Ko sau ashirin aka ɗiga wa yaro, bai samu kariyar mashaƙo ko ta ƙwayar zarra ba. Rigakafin mashaƙo allura ce a cinya, wadda ake kira Penta, ana yin ta sau uku, a mako 6 da mako 10 da mako 14 na haihuwa, a asibitin sha-ka-tafi. Tana kuma kare tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta. Ki ɗauko katin yaron ki duba. In ba kati, ko kuma sau ɗaya aka yi aka daina saboda ya kwana yana kuka da zazzaɓi, to ki ɗauka ba shi da kariya. Ban ga laifin maigidanki ba. Shekaru da yawa kalmar rigakafi a unguwanninmu ba ta nufin komai sai ɗigon baki, domin shi ne ke zuwa har ƙofar ɗaki, ita kuwa allurar sai uwa ta nemi izini da kuɗin mota ta je ta bi layi, wata rana ma a ce mata ta dawo mako mai zuwa. Ga kuma tsohon tabo: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sun bar shakku a zukatan da har yau ba a gama wanke shi ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari kacal na yaran Najeriya ne suka kammala rigakafin farko, kuma ba a raba gibin daidai ba: a Anambra kashi 76 ne, a Sakkwato kashi 5. Yaran da ba a taɓa yi wa allurar Penta ko sau ɗaya ba sun haura miliyan biyu a ƙasar nan. Da cutar ta ɓarke a ƙarshen 2022, inda gibin yake nan ta bi: Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma, sai Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, ta kuma bayyana a yankin Damagaram a Nijar. Zuwa farkon 2025 an tabbatar da ita a jikin mutum fiye da 20,000, sama da 1,000 sun rasu, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da aka samo maganin gubarta tun kafin Turawa su ci Kano, har wanda ya gano shi, Bajamushe Emil von Behring, ya karɓi kyautar Nobel a 1901. Amma da yake ƙasashe masu arziki sun rabu da cutar, kamfanonin da ke haɗa maganin sun ragu sun zama 'yan ƙalilan, har ya kai ana lissafa kwalabe ana zaɓen wanda ya fi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara wa yaro allura uku bayan na jarirai, yayin da yake girma, amma lokacin da annobar ta zo jadawalinmu bai ƙunshe su ba. A farkon 2025 cutar ta shiga wata fitacciyar makarantar kwana a Legas, ɗalibi ya rasu, cikin kwanaki kaɗan aka kai rigakafi har cikin makarantar, jaridu suka cika. Haka ya kamata a yi, kuma haka nake so in ga ana yi duk ranar da yarinya ta rasu a makarantar allo a Ungogo.

Game da ƙannensa biyu, ki tafi da su, ko da lafiyarsu ƙalau. Cutar tana ɗaukar kwana 2 zuwa 5 kafin ta bayyana, wani lokaci har 10, kuma mutum na iya ɗauke da ita a maƙogwaro yana rabawa ba tare da ya kwanta ba. Duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaron, har ke da maigida da Hajiya in tana jinyarsa, yana buƙatar maganin kariya na 'yan kwanaki da allurar rigakafi daidai da shekarunsa. Manya ma suna kamuwa. A ware masa kofi da cokali, a daina tura su makaranta har sai ma'aikatan lafiya sun ce su koma. Shi mara lafiyan, bayan kwana biyu da fara maganin kashe ƙwayoyin cuta yawanci ba ya ƙara yaɗawa, don haka kada keɓewar da za a yi masa ta tsorata ki. Idan ya warke shi ma sai an yi masa rigakafin, domin kamuwa da mashaƙo ba ya tabbatar da kariya nan gaba.

Maigida kuma ya samu malamin makarantar allon da mai unguwa ya shaida musu, don a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ya zo ya duba sauran yaran da suka zauna tabarma ɗaya da marigayiyar. A hanya ki bar yaron ya zauna a jikinki, kada ki kwantar da shi rigingine, kada kuma a ɗura masa ruwa ko jiƙo in haɗiya tana gagararsa. Katin rigakafin yaran ukun, in akwai, ki sa shi a jaka kafin ki fita.