Amsa ga wadda ta tambaya ko hauka ne yi wa ɗan mikiya kuka

'Yar'uwa, na karanta tambayarki, wai ɗan mikiyar da kike kallo ta kyamarar da ke nuna sheƙarsu a intanet ya mutu, har abinci ya ƙi shigar miki, kina tambaya ko hauka ne, ko kuma ki daina kallon gaba ɗaya. Wallahi ba hauka ba ne. In hauka ne to mu biyu ne.

Ni nawa na sheƙar wata mikiya Jackie da mijinta Shadow ne, ta Big Bear a Kalifoniya, a Maris ɗin 2025. Kin dai san irin jiran da aka sha. 2023 ƙwai bai ƙyanƙyashe ba, 2024 uku Jackie ta saka, ta kwanta a kansu cikin dusar ƙanƙara har sa'o'i 62 ba ta ɗaga ba, amma ko ɗaya bai fashe ba. Sai ga uku rigis a 2025! Azumi ake yi lokacin. Da yake sun bi bayanmu da sa'o'i 8, in na sha ruwa su hantsi ne a can, sai in jingina waya da flas ɗin shayi ina kallon uwar tana yago kifi tana sa musu a baki, suna ta ture-ture.

Tsakiyar wata guguwa ta sauke ƙanƙara. Da ta lafa Jackie ta miƙe, na ƙirga kawuna, biyu. Na sake ƙirgawa. Na ce ƙila yana bayan tudun ƙanƙarar ne, na ƙara hasken waya, na ja hoton da yatsa har ya dushe. Sahur ɗin ranar ruwa kawai na iya sha.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba mutuwar ba ce. Wata facalata ce ta shigo ta tarar ina share hawaye, da ta ji dalili sai ta tuntsire da dariya, wai mutane na mutuwa a ƙasa ni ina makokin tsuntsun Amurka. Ba ta tsaya nan ba, ranar Sallah gaban kowa ta ce a zo a yi mini ta'aziyya. Aka yi ta shewa, har da yara. To ni na ce mata ban damu da mutane ba? Zuciya kwano ce da za a ce in an zuba wannan babu wurin wancan? Har yau in na tuna fuskarta raina sai ya sosu. Saboda haka ki kula da wanda za ki gaya wa, ba kowa ba.

Kuma kada ki bi masu cewa me ya sa ba a hau an ceto shi ba. Sheƙar tana kan bishiya mai tsawon ƙafa 145, kuma tun 1940 dokar Amurka ta hana taɓa waɗannan tsuntsaye. Gashin ɗan tsako a makonnin farko ba ya tare ruwa, in ya jiƙe sanyi ya kama shi shi ke nan. Haka wani ɗan tsakonsu Cookie ya tafi a wannan sheƙar a 2019. Da yawansu ba sa cika shekara, da can ma haka abin yake, kyamara ce kawai ta sa muke gani.

Batun daina kallo, ki huta in kin ga dama, amma fa ki rufe sharhin mutane tukuna, shi ya fi tayar da hankali. Ki ci abinci don Allah, ko kunu ne. Ni na koma, na ga yaran firamare na yankin sun zaɓa wa biyun suna Sunny da Gizmo, a watan Yuni kuma duka suka tashi. Shi wanda ya mutu Misty aka sa masa.

Naki a wace sheƙa yake? Akwai sauran 'yan'uwansa a ciki?