Tambaya da Amsa: Muryata Kamar Daga Cikin Rijiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina koyar da girki a YouTube daga gidanmu a Jekadafari. Hoton na fita tsaf, amma masu kallo na ƙorafi cewa muryata kamar daga cikin rijiya, ga rurin janareto. Na sayi makirufo na maƙalawa a wuyan riga, na soka a waya, bai yi aiki ba. Ko sai na canza waya? Daga wata mai karatu a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Bar kuɗin wayarki tukuna. Mai kallo kan jure hoto mai ɗan duhu, amma in yana wahalar jin abin da kike faɗa, wucewa zai yi.

Ɗauko makirufon ki dubi bakin da ake sokawa, ki ƙirga baƙaƙen zoben da ke jikinsa. In biyu ne, na kyamara ne, waya ba za ta karɓe shi ba sai da ɗan mahaɗi. Na waya zobe uku gare shi. Wasu kuma suna da ɗan makunni mai zaɓi tsakanin waya da kyamara, a duba inda yake. In duk wannan daidai ne amma shiru, to manhajar kyamarar wayar ce ke ƙin sauraronsa. Gwada Open Camera, kyauta ce, kuma tana ba ki damar zaɓar makirufon waje da kanki.

Ki maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a saman hijabi. In ya shige ƙarƙashi, duk motsin da kika yi sai a ji kwaras-kwaras ɗin yadi.

Ita kuwa rijiyar da ake faɗa, amsa-kuwwa ce, kuma laifin ɗakin ne. Kicin ya fi ko'ina muni: tayil a ƙasa, siminti a bango, tukwane a jere, babu abin da ke shanye sauti, sai ya bugi bango ya dawo cikin makirufo. Tsaya a tsakiyar ɗakin ki tafa sau ɗaya. In kin ji tafin ya ja wutsiya, akwai aiki. Rataya bargo biyu a bango, shimfiɗa darduma mai kauri, a sauke labule.

Shawarata dai, ki raba aikin biyu. Ɗauki hoton girkin ba tare da bayani ba, ki bar ƙarar suya da dakan turmi yadda suke, don su ma suna jan mai kallo. Daga baya ki shiga ɗakin kwana, inda katifa da tufafi ke shanye sauti, da sassafe kafin maƙwabta su tada janareto, ki naɗi bayanin ki ɗora a kan hoton a CapCut, manhajar haɗa bidiyo. Kashe fanka. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kuma kada ki naɗa tana caji, don caja kan shigo da wani zuuu. Ki bar daƙiƙa 10 na shiru a farko. Da shi Audacity, manhajar gyaran sauti, ke gane hayaniyar ɗakin ya rage ta. Amma a rage kaɗan, in aka matsa muryar kan koma kamar ta mai magana cikin ruwa. Ma'aunin ƙarfin sauti da manhajar ke nunawa kuma ya tsaya tsakanin -12 da -6. Da zarar ya kai 0 murya ta fashe, kuma ba ta gyaruwa.

Tambaya: Malam, mabiyana 700 ne. Yaushe YouTube za su fara biyana? Daga wani mai karatu a Azare.

Amsa: Ɗan uwa, kafin ka samu kason kuɗin talla sai ka kai mabiya 1,000, tare da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Bayan nan ka buɗe AdSense, asusun da ake biyan kuɗin talla ta cikinsa, da sunan da ke kan katin shaidarka. Za su aiko lambar sirri ta gidan waya, don haka ka sa adireshin da wasiƙa ke isa da gaske. Ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Kuma ka guji ɗora waƙar wani a ƙarƙashin bidiyonka, don mai waƙar na iya karɓe kuɗin tallar.