Ƙanena Ya Ce Ba Zai Tashi Ba Sai Guguwa Ta Kai Mataki Na 4

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana zaune a Galveston, bakin teku a jihar Texas ta Amurka, kuma bana mahaifiyarmu tana wurinsa, ta je taya matarsa jego. Tana da ciwon suga, ƙafa ma ba ta taka ta sosai. Na tambaye shi shirin da ya yi wa lokacin mahaukaciyar guguwa, ya ce shi ba ya barin gida sai ta kai mataki na 4 ko na 5, wai masu gudu sun fi mutuwa a hanya. Wallahi barci ya gagare ni. Yana da gaskiya? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya abin da aka samu. Ƙanenki ya riƙe guntun gaskiya, amma ya ɗora ta a kan kuskuren da ya kai mutane da yawa kabari.

Matakan nan daga 1 zuwa 5 ƙarfin iska kawai suke aunawa. Ba su faɗin faɗin guguwar, ba su faɗin yawan ruwan saman da ta ɗauko, ba su kuma faɗin iya tudun da za ta tunkuɗo ruwan teku. Ruwa kuwa shi ne makashi. Binciken Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai-tsaye ruwa ne ya ci su, kusan rabi daga tunkuɗowar teku. Amma kullum sai na ji mai ilimi da digiri yana cewa "ai ta sauko zuwa mataki na 2". To ta sauko, sai me? Ruwan da ta kwana biyu tana turowa gabanta ba ya komawa don lamba ta canja a talabijin.

Abin mamaki ma, garin da yake zaune shi ne shaida. Guguwar Ike ta sauka Galveston ranar 13 ga Satumba 2008 tana mataki na 2 kacal, amma faɗinta ya sa ruwa ya tashi kimanin mita 5 a yankin Bolivar da ke maƙwabtaka, ya share gidaje har tushe. Katangar da aka gina a bakin teku bayan bala'in guguwar 1900, wanda ya kashe aƙalla mutum 6,000, ba ta hana ba, domin ta baya ruwan ya zagayo. Tun kwana guda kafin iskar ta iso hanyoyi suka fara nutsewa, masu jiran su ga kamun ludayinta suka rasa mafita. Guguwar Katrina ma a 2005 daga mataki na 5 ta sauko zuwa na 3 kafin ta taɓa ƙasa, duk da haka ruwa ya haura mita 8 a gaɓar Mississippi, jingunan New Orleans da ke jihar Louisiana suka ɓalle, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Mutum 1,392 ne adadin mamatan da hukuma ta tsaya a kai, kuma a Louisiana kusan rabin mamatan masu shekara 75 ne zuwa sama. Tsofaffi, marasa lafiya, marasa mota. Magajin garin New Orleans bai ba da umarnin tashi na dole ba sai ana gobe za ta sauka, motocin makaranta da za a iya kwashe mutane da su kuma suka nutse a ajiye. Wannan sakacin hukuma ne, shi ya sa mai tsohuwa a gida ba ya jiran sanarwar ƙarshe.

Maganar mutuwa a hanya kuwa, guguwar Rita yake nufi. A Satumba 2005, makonni kaɗan bayan Katrina, mutum fiye da miliyan 2 suka fito lokaci guda daga yankin Houston, babban birnin da ke kusa da Galveston, cikin tsananin zafi. Mai ya ƙare, tafiyar awa huɗu ta koma ta kwana, kimanin mutum 100 suka rasu, ciki har da tsofaffi 23 da bas ta ƙone da su kusa da Dallas. Da yawan waɗanda suka cushe hanyar suna can nesa da teku, ba sa cikin haɗarin. Wannan ne dalilin da magajin garin Houston ya ƙi kwashe birnin lokacin guguwar Harvey a 2017. Amma Galveston tsibiri ne, ba Houston ba. Mutumin tsibiri shi aka share wa hanya ya fita, da wuri, kuma ba sai ya yi nisa ba. Tudun da ruwan teku ba ya kai wa ya wadatar.

In ya ce miki kwana in ya ƙare ya ƙare, ki tuna masa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma ran Hajiya da na jariri amana ce a wuyansa.

Ki sa ya duba taswirar shiyyoyin tashi ta yankinsu tun yanzu, ya kira 211, lambar wayar neman taimako a Texas, ya yi wa Hajiya rajistar masu buƙatar taimako, ya tanadi maganinta na aƙalla mako biyu da kular ƙanƙara in allurar insulin take yi. Manna salatif a tagogi da ake yaɗawa a WhatsApp aikin banza ne. In kuma wuta ta ɗauke bayan sun dawo, kada ya kunna janareto a gareji ko kusa da taga. A guguwar Laura ta 2020 hayaƙinsa ya kashe mutane da dama a Louisiana bayan iskar ta wuce.